Neman Inuwa Daga Salaga Zuwa Bawku

A watan Maris na yi tafiyar zumunci zuwa arewa, daidai lokacin da hunturu ya wuce, zafin bazara ya kankama. Duk wanda ya san wannan lokaci ya san cewa matafiyi in ya sauka daga mota, inuwa yake fara nema kafin ya tambayi gidan kowa.

Na fara yada zango a Salaga, garin da kakanninmu fatake suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato sayen goro, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, da yawansu suka koma Kete Krachi. An kai ni tsohuwar kasuwar bayi, inda kuka take tsaye a gurbin wadda aka ce a jikinta ake ɗaure mutane. Na daɗe ina kallonta, ba ko ganye ɗaya a kanta. Kuka da rani take zubar da ganye, ayari kuwa da rani yake zuwa. Ashe waɗancan bayin Allah ko inuwa ba su samu ba.

Da rana ta matsa mini sai na koma gindin dogon yaro, inda na tarar da dattawa a kan benci, ga mai wanzanci, ga mai sayar da koko. To jama'a, wannan itace da muke gani kamar da shi aka halicci garuruwanmu, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya. A zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, aka shigo da shi, aka dasa a nan arewa, daga nan kuma aka kai irinsa Barno a 1928. Mutanen Kano suna ce masa darbejiya, a Nijar kuma bedi. Mu mutanen zango ai mun san yadda baƙo yake zama ɗan gari. Abin da ya sa ya karɓu shi ne, da wuya ka gan shi tsirara da rani, saiwarsa tana nitsawa ƙasa neman ruwa, gara ba ta cika damun katakonsa ba, ga asawaki, ga ganyen da iyayenmu mata suke dafawa in zazzaɓi ya kama yaro.

Daga Salaga na bi ta Bimbilla zuwa Yendi, garin Ya-Na, inda kabarin Babatu Bazabarme yake. A nan maɗaci ne ya ɗauke mini hankali, manya-manya, waɗanda mutum biyu ba sa iya rungumewa. Sai dai kusan kowanne an sassaƙe ɓawonsa don magani. Sassaƙa gefe guda itace yana warkewa, amma in aka zagaye shi da wuƙa an yanke hanyar da abinci yake sauka zuwa saiwa, sai ya bushe a tsaye.

Bayan mun gangara dutsen Nakpanduri muka wuce Garu muka shiga Bawku, a can zafi yakan haura digiri 40 a wannan wata. Ƙofar gidan yayana, inda muka yi karatun allo a gindin wani ƙaton dogon yaro, yanzu shagon kwano ne a wurin. An sare shi an yi gawayi. Mai shagon da kansa yakan gudu maƙwabta da azahar saboda zafin kwanon.

Ranar 11 ga Yunin 2021 an yi gangamin dasa itatuwa miliyan 5 a faɗin Ghana, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma wahalar ba a dashen take ba, tana ga ranin farko, lokacin da akuya ba ta ganin wani kore sai wannan ɗan tsiro.

Na yi wa Yaya maganar, ya ce shi ya tsufa, ba zai ga inuwar ba. Na ce masa shi ma ai bai san wanda ya dasa wancan ba. Ya yi dariya ya ba ni wuri. Muka ciro tsiro biyu daga bayan makaranta, inda jemagu suke zubar da ƙwallon, muka dasa taku goma daga katanga don kada saiwa ta tsaga gini, muka kewaye da ƙaya. An ɗora wa autan gidan aikin zuba musu ruwan alwala safe da yamma har damina ta sauka.