Nisan da Kunne Ke Aunawa: Jinkirin Sauti a Kiɗan Haɗin Gwiwa ta Intanet

Makaɗa biyu da ke tsaye a fili ɗaya ba su taɓa jin juna a daidai lokacin da aka yi bugu ba. Sauti yana tafiya a cikin iska da gudun kimanin mita 343 a sakan guda, wato kowace mita tana cinye kusan milisakan uku, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan mai kalangu ya ba mai ganga tazarar mita goma, sai bugun kowannensu ya yi milisakan talatin a hanya kafin ya isa kunnen ɗan'uwansa. Ba wanda ke kiran wannan matsala a gidan biki, domin kunne da hannu sun saba da shi tun fil azal. Wannan lissafi ne ma'aunin da nake riƙe da shi a duk lokacin da na zauna gyara na'ura don yin kiɗa ta intanet: kowane jinkiri da kwamfuta ko layi ya kawo, ana iya mayar da shi nisa, a tambayi kai ko makaɗa za su iya haɗa hannu da irin wannan tazara a tsakaninsu.

Mu huɗu ne muka saba kiɗa tare tun muna karatun digiri na biyu. Ni ke riƙe da jita, ɗaya yana kaɗa kalangu, ɗaya yana taɓa fiyano, na huɗunmu kuma shi ne mai murya. Da karatu ya ƙare sai neman abinci ya raba mu: na zauna a Zariya, mai kalangu ya koma Kano, mai fiyano ya sami aiki a Abuja, mai murya kuwa ƙarin karatu ya kai shi Ingila. Mun ɗauki lokaci kowa yana naɗar nasa kashin yana tura wa na gaba ya ɗora, amma duk wanda ya taɓa kiɗa da mutane ya san wannan haɗa sauti ne kawai. Daɗin kiɗan taro yana cikin amsa wa juna nan take, mai kalangu ya ji jita ta karkata ya bi ta, mai murya ya ja numfashi kowa ya dakata masa. Abin da muke tsoron rasawa ke nan, kuma shi ya sa muka shiga neman hanyar da za mu yi kiɗa a lokaci guda alhali muna garuruwa huɗu.

Manhajojin hira irin su Zoom da WhatsApp ba su dace da wannan aiki ba, kuma dalilin a bayyane yake. Don magana aka gina su, magana kuwa tana da haƙuri. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya mai lamba G.114 ta nuna cewa hira tana tafiya lafiya muddin jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. A ma'aunin iska, wannan ya kai tazarar mita hamsin, nisan da mutum zai iya gaisawa da maƙwabci amma ba zai iya kaɗa ganga tare da shi ba. Masana harkar sauti sukan sa iyakar kiɗan haɗin gwiwa a wajen milisakan 25 zuwa 30. Binciken da Chris Chafe da abokan aikinsa suka yi a cibiyar nazarin kiɗa da kwamfuta ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ya bayyana abin da ke faruwa idan an ƙetare iyakar. Sun sa mutane biyu-biyu a ɗakuna daban suna tafi tare ta na'urar sauraro, ana canza musu yawan jinkiri. Idan jinkirin ya yi wajen milisakan 11, saurin tafin yakan tsaya daidai. Idan ya gaza haka, sai su riƙa ƙara sauri. Idan ya haura, sai tafin ya riƙa ja baya, domin kowa yana jiran ya ji ɗan'uwansa, shi ma ɗan'uwan yana jiransa. Wannan jan ƙafa ne alamar farko da kunne ke kamawa: waƙar da aka fara da kuzari sai ta ƙare tamkar an ɗora mata kaya.

Manhajar da muka fi amfani da ita ita ce Jamulus, wadda Volker Fischer ya ƙirƙira, kyauta ce kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Kowane makaɗi yana tura sautinsa zuwa wata kwamfuta ta tsakiya, wato uwar garke, ita kuma ta gauraya sautukan ta mayar wa kowa. A kan wannan tafiya ta zuwa da dawowa na fahimci cewa jinkiri kashi uku ne, kuma kowane kashi da irin maganinsa.

Kashi na farko yana cikin ɗakin makaɗi. Akwatin sauti, wato na'urar da ake cusa wa makirfo da jita a haɗa ta da kwamfuta, yana yanka sauti zuwa ƙananan gutsattsari 48,000 a kowane sakan. Kwamfuta ba ta karɓar su ɗaya bayan ɗaya, sai sun taru a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa, idan ya cika a kwashe gaba ɗaya. Kamar mai ɗibar ruwa ne a bakin famfo: idan da babban tulu ya zo, zai daɗe yana jiran ya cika amma sawunsa kaɗan ne, idan da ƙaramin kofi ya zo, ruwa zai isa gida da wuri amma ba zai huta da kai da kawowa ba. Lissafin ba shi da wuya, raba girman bafa ake yi da 48,000. Bafa mai gutsure 64 yana cin milisakan 1.3, mai 128 yana cin 2.7, mai 256 yana cin 5.3, mai 1,024 kuwa ya haura 21. Sau biyu ake biyan wannan haraji, da shiga da fita, ban da ɗan abin da na'urar ke ƙarawa wajen mayar da sauti lambobi da mayar da lambobi sauti. Saboda haka bafa mai 1,024, wanda ba ya damun kowa wajen sauraron waƙa, ya riga ya cinye dukan kasafin lokacin kafin sauti ya fita ƙofar gida.

Sha'awa takan ja mutum ya zaɓi mafi ƙanƙantar lamba, amma kwamfutar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta takan makara wajen kwashe bafa, kuma kowace makara tana fitowa a kunne a matsayin ƙaras-ƙaras ko yankewar sauti. Hanyar da nake bi ita ce in fara daga 128, in yi kiɗa na mintoci ina sauraro, idan sautin ya tsaya tsaf in gwada 64, idan ya tsattsage in koma inda nake. A kwamfutar da ke aiki da Windows wajibi ne a yi amfani da direban ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya fito da shi don sauti ya wuce kai tsaye zuwa akwatin ba tare da ya bi ta ma'ajiyoyin Windows ba, kuma direban da maƙerin akwatin ya bayar ya fi ASIO4ALL da ake rufa asiri da shi. Mai Mac ba ya buƙatar wannan, domin Core Audio ya ɗauke masa. Dole kuma a tabbatar akwatin yana kan 48,000, ba 44,100 na faifan CD ba, domin a kan 48,000 Jamulus ke aiki. Abin sauraro na Bluetooth kuwa sai a ajiye shi gefe, shi kaɗai yana iya ƙara fiye da milisakan ɗari. Akwai wani abu da ya shafe mu musamman: idan wuta ta ɗauke kwamfutar cinya ta koma kan batir, takan rage wa kanta ƙarfi don tattalin caji, sai bafan da yake lafiya ɗazu ya fara ƙaras-ƙaras. Maganinsa shi ne a saita ta kan cikakken ƙarfi ko da tana kan batir, a kuma rufe duk manhajar da ba a bukata.

Kashi na biyu yana kan layi, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sau da yawa akan ɗauka cewa layi mai yawan megabit shi ne layi mai kyau, alhali sautin da Jamulus ke turawa, bayan an matse shi da tsarin Opus, da ƙyar yake kai megabit ɗaya a sakan. Abin da kiɗa ke nema shi ne ƙunshin sauti su riƙa isowa a jere, kowanne a kan lokacinsa. Wi-Fi da layin wayar salula ba su da wannan hali: ƙunshi ɗaya ya iso da wuri, na bayansa ya makara, na uku ya ɓace. Don rufe wannan tangal-tangal, manhajar tana da wani bafa na biyu da ke riƙe ƙunshin kaɗan kafin ya sake su a tsare, kuma gwargwadon rashin natsuwar layi gwargwadon girman da bafan zai yi. Ke nan layi mai rawa yana biyan bashinsa da jinkiri. Wayar Ethernet daga kwamfuta zuwa rauta ta fi duk wani saiti amfani a wajenmu. Mai kalangu, wanda layin salula kawai yake da shi, ya lura cewa da sassafe layinsa ya fi natsuwa a kan bayan magariba lokacin da kowa ke kan waya, don haka muka mayar da zamanmu safiyar Asabar. Na kuma tabbatar da cewa makaɗi yana iya sabawa da jinkirin milisakan 40 da ya tsaya wuri ɗaya fiye da wanda ke lilo tsakanin 25 da 50, domin hannu yana koyon abin da ba ya canzawa.

A nan ne wata ƙa'ida ta Jamulus ta zama darasi a gare ni. Akwatunan sauti da yawa suna da maɓallin da ke mayar wa mutum sautin kansa kai tsaye ba tare da jinkiri ba. Masu manhajar sun ce a kashe shi, kowa ya saurari kansa a cikin gaurayen da uwar garke ta dawo da shi. Da farko abin yana da nauyi, domin yatsa ya taɓa tsirkiya amma sautin ya biyo baya da ɗan kaɗan. Sai dai wanda ke jin kansa nan take yana jin sauran a makare, zai riƙa jiransu, su ma su jira shi, jan ƙafar nan ya dawo. Wanda ke sauraron gaurayen kuwa hannunsa yakan koyi riga lokaci da ɗan taƙi, don sautinsa ya sauka daidai da na jama'a a inda ake haɗuwa. Sai mutum ya yarda cewa abin da taro ke ji ya fi abin da shi yake ji a ɗakinsa zama gaskiyar kiɗan.

Kashi na uku shi ne wanda ba shi da maɓalli. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, wato milisakan biyar ga kowace kilomita dubu. Tsakanin Zariya da Kano da Abuja wannan ba wani abu ba ne, da sharaɗin uwar garke tana cikin ƙasa kuma kamfanonin layi ba su zagaya da saƙon ta nesa ba. Ingila kuwa zancenta daban. Saƙo daga arewa sai ya gangara Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka, kuma wayar MainOne kaɗai, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal. Wannan milisakan 35 ne zuwa, 70 zuwa da dawowa, tun ba a lissafa Kano zuwa Legas ko Fotugal zuwa Ingila ba, balle bafa da rauta. A waƙar da ke tafiya da bugu 120 a minti, kashi ɗaya cikin huɗu na bugu milisakan 125 ne, don haka irin wannan jinkiri ya isa ya sa kalangu da murya su saɓa a fili. Komai tsadar akwatin sauti ba zai rage wannan ba.

Sanin haka ya hutar da mu daga neman laifin na'ura a inda babu shi, ya kuma sa muka dubi kiɗan kansa. Kayan bugu irin kalangu, masu kaifin farawa, su ne suka fi tona asirin jinkiri. Murya mai ja da sauti mai tsawo sun fi ɓoye shi. Tsarin waƙarmu ta gargajiya ma ya taimaka, domin jagora da 'yan amshi ba a tare suke furta kalma ba, akwai numfashi tsakanin jan baiti da karɓarsa, kuma jinkiri yana iya fakewa a cikin wannan numfashin. Saboda haka mu uku da ke gida muke riƙe da bugu, mai kalangu ya zama ginshiƙin da ba ya jiran kowa, mai murya kuma ya shigo daga Ingila a kan waƙoƙi masu natsuwa da amshi. Idan muna son kiɗa mai zafi tare da shi, sai mu koma NINJAM na kamfanin Cockos, wanda ya bi wata dabara dabam: yana ƙara jinkirin da gangan har ya cika zagayen kiɗa guda, kowa ya riƙa kiɗa a kan abin da sauran suka yi a zagayen da ya wuce. Bugu yakan daidaita, amma amsa nan take ta tafi, don haka ya fi dacewa da kiɗa mai maimaita zagaye.

Akwai waƙoƙi biyu ko uku cikin waɗanda muka fi so da har yanzu ba su yiwuwa ta layi, saboda a cikinsu murya da kalangu dole su faɗi a kan gaɓa ɗaya cikin sauri. Mun ajiye su sai ranar da Allah Ya haɗa mu a ɗaki ɗaya. Sauran kuwa muna yin su kowace Asabar, bafa yana kan 128, kowa da wayarsa cuse a rauta in ban da mai kalangu, wanda ke fatan layin gilashi ya iso unguwarsu.