Yadda Na Kwafi Zayyanar Kakana Da Waya Ba Tare Da Na Yaga Takarda Ba

Sana'ata gyaran waya ce a nan Tudun Kaya, amma yau labarin takarda zan ba ka, domin waya ce ta fitar da ni kunya.

Da ƙanwata za ta yi saukar Alƙur'ani, Baba ya buɗe gafakar marigayi kakanmu ya zaro wata zayyana da ya zana da hannunsa. Ya ce irinta yake so a yi a allon saukar. Takardar ta girme ni, ta yi ja, ta bushe kamar ganyen kuka. Na ce, "Baba, ka bar mini, aikin minti goma ne."

Na ɗora farar takarda shara-shara a kai, na fara bi da biro. Layi na uku sai na ji ƙyat, kusurwar ta asali ta tsage. Baba bai ce komai ba, ya dai kalle ni. Wallahi da ma faɗa ya yi. Ni da kullum nake gaya wa yaran shago kada su danna gilashin waya da ƙarfi!

Dabarar da ta cece ni ita ce raba zane gida-gida kamar dara. Tsohuwar dabara ce. Masu zanen bangon kaburbura a tsohuwar Misira suna jan irin waɗannan layuka, har sukan auna mutum a tsaye da gida 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi.

Ga yadda za ka yi:

Da farko ka shimfiɗa zanen a inuwa, ka kashe fitilar kyamara. Ka riƙe wayar daidai saman takardar, in ka karkata, zanen zai fito a karkace. Ka ɗauki hoto, ka mayar da na asali ma'ajiyarsa. Ya gama aikinsa.

Na biyu, ka ɗora layukan dara a kan hoton. Akwai manhajojin kyauta a Play Store masu yin haka. Layukan cikin kyamara gida tara ne kacal, sun yi kaɗan. Ni na raba nawa gida 8 a kwance, 12 a tsaye.

Na uku, a nan sirrin yake: kada ka ja layukan a kan takardar da za ka yi zanen. In ka ja, dole ka goge, gogewar ce ke huda ta. Ka samu takarda A4 mai kauri, ka ja gidajen da baƙin biro, kowanne santimita 2. Zai ba ka 16 da 24, ya zauna cikin A4 da faɗinta 21 ne, tsawonta 29.7. Sai ka sa ta a ƙarƙashin shara-sharar, layukan za su riƙa fitowa ta ciki.

Kada ka manna da salatif, yana ɗauke fatar takarda. Ka danne kusurwoyin da tsabar kuɗi ko tsofaffin batura.

Na huɗu, ka yi da fensir 2B, hannu sama-sama. Ka zuƙo gida ɗaya a waya, ka zana abin da ke cikinsa kawai, sannan ka wuce na gaba. In hannun dama kake amfani da shi, ka fara daga hagu ta sama don kada ka shafe abin da ka yi.

Dare biyu na yi a kai. Mai zayyana ya kwafa a allo daga tawa, ta kaka kuwa tana cikin gafaka da tsagarta.

In akwai tsohon zanen hula, na aska takwas ko zayyana a gidanku, ka ɗauke shi hoto yau tun kafin gara ta riga ka. Allah ya jiƙan magabatanmu.