Kwikwiyon da na tsinta

Ranar kasuwar Walewale na tsinci wani ɗan kwikwiyo a bakin titin Bolga, irin ƙananan nan. Haƙarƙarinsa duk a waje, ciki kuma a kumbure. Baba ya ce, "Sati 2 na ba ka. In bai murmure ba, ka mai da shi inda ka ɗauko shi."

Na cika masa kwano da tuwo, ya shinshina ya kau da kai. Na ba shi madara, sai zawo. Wallahi har na yi kuka.

Yayana ya raka ni wurin likitan dabbobi. Ashe tsutsar ciki ce ke cinye abincinsa. Likita ya ba shi magani, ya ce cikin kwikwiyo ƙarami ne, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, ban da albasa da ƙashi.

Sai na koma dama masa koko mai ɗumi da dafaffen ƙwai da dakakken busasshen kifi. Kuɗin karin kumallona duk a ƙwai ya ƙare. Mma kuwa kullum sai ta ce, "Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa allonka!"

Ranar da wa'adi ya cika, kwikwiyo ya kori zakaran Baba har ƙofar gida. Baba ya yi dariya ya ce, "To, ya zauna, amma wajen garken awaki."