Mota ta cillo ni waje

Akwai maganar da nake yawan ji a tasha da majalisa, wai idan mota za ta kife gara ta cillo mutum waje, don wanda bel ya riƙe shi ne wuta ke ci. Ni an cillo ni, kuma har gobe da sanda nake tafiya.

Motar haya ce tsakanin Kano da Zariya. Ina baya jikin ƙofa, bel ɗin kuwa an cusa shi ƙarƙashin kujera don a samu wurin mutum na huɗu. Taya ta fashe, motar ta wuntsila, na fita ta taga. Direba, wanda ya ɗaura nasa saboda tsoron 'yan Rod Sefti, da ƙafarsa ya fito. Ni sai a gefen titi aka tsince ni, ƙugu da cinya a karye, ƙashin baya ya tsage.

Likitan da ya duba ni ya ce duk gudun da mota ke yi, jikinka ma shi yake yi. Idan tana kilomita 100 a awa ta yi karo, ba ka ɗaure ba, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 40. Ƙarfen mota an ƙera shi ya lanƙwashe ya shanye bugun, amma sai kana ciki zai amfane ka. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. A Najeriya tun 2003 aka fara tilasta ɗaura shi, sai dai mun mayar da shi na mutanen gaba kawai.

Abin da ya cece ni daga shanyewar ƙafafu wani dattijo ne da ya hana a cicciɓe ni. Ya ce a nemo katako, aka kwantar da ni a miƙe, wani ya riƙe kaina kada wuya ya motsa. A ɗakin jinya na ga waɗanda lakarsu ta tsinke a hannun masu taimako, bayin Allah da niyyarsu alheri ce. Allah ya saka wa dattijon nan.

Jinya ta fi hatsarin tsawo da ɗaci. Mahaifiyata ke juya ni duk bayan awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama ni. 'Yan uwa sun matsa a kai ni wurin mai ɗori, ta ce ƙashin baya ba na ja ba ne. Sai gashin ƙashi, wanda na yi kuka a cikinsa ba sau ɗaya ba. Akwai kuma ciwon da hoto ba ya nunawa: firgita cikin barci, gumi da na ji ƙarar birki, kunyar a ɗauke ka zuwa banɗaki. Da na fara faɗa wa likita da wani abokina, nauyin ya ragu.

Na yarda da ƙaddara, kuma addinina bai hana ni riƙo da sababi ba. Ɗan uwa, in ka shiga mota, gaba ko baya, laluba bel ka ɗaura, yaro kuma kada a riƙe shi a cinya a gaba. In babu bel, sauka ka jira wata. In ka tarar da hatsari, kira Rod Sefti a 122 kafin ka ɗaga kowa.