Ranar da Kakana Ya Tabbatar wa Waya Yana Raye

Wannan makon ni layi ya biyo ta kaina, kuma labarin gidanmu na kawo muku.

Kakana tsohon ma'aikacin kwastan ne. Ya yi aiki a Illela, ya yi a Jibiya, ya ajiye kaki tun kafin in shiga firamare ya dawo gida Sabon Birni. Yana cikin 'yan fansho na tsohon tsari, waɗanda hukumar PTAD ta gwamnatin tarayya ke biya. A 2023 hukumar ta buɗe wa kowa tsarin da ta kira "I Am Alive", wato ina raye: duk wata shida ɗan fansho zai shiga intanet, ya sa lambarsa da ta asusun banki, ya nuna fuskarsa ga kyamarar waya ko ya dangwala yatsa. In bai yi ba, ana iya dakatar da kuɗinsa har sai ya yi.

Ban ga laifin dokar ba. Kowa ya san labarin matattun da ake karɓar fanshonsu shekara da shekaru. Ba mu kaɗai ba ne ma. Ɗan uwan Kaka da ke Tsibiri, wanda ya yi aiki a Nijar, takardar shaidar rayuwa yake karɓowa daga ofishin magajin gari. A Holan, hukumar SVB da ke biyan fanshon tsufa tana aika wa tsofaffinta mazauna ƙetare takarda sau ɗaya a shekara, su kai wa hukumar da aka amince da ita a inda suke, a gan su ido da ido, a buga hatimi, su mayar. Sai dai tsohon da ya bar Amsterdam ya koma bakin teku a Sifen, tafiyarsa zuwa ofis ba ta wuce shan iska ba. Mu kuwa a gabashin Sakkwato muke.

Kuɗin Kaka ba yawa gare su ba, amma bakin da ke jiransu ya ƙaru. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen su gwaggona, ita da 'ya'yanta biyar suna gidanmu. Gonar fadama kuwa an daina zuwa. Saboda haka da lokacin tantancewa ya zo, aka ce a kira mai difloma. Ni ke nan.

Na ɗauka aikin minti biyar ne. Kwana huɗu ya ci. Tun katse layukan waya da aka yi a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumbar 2021, har da tamu da Isa, unguwarmu ba ta sake samun sabis na kirki ba ko bayan an maido. Kira yana shiga, amma intanet sai ya ga dama. In shafin ya buɗe, kafin in gama rubuta lambar ya ɗauke. In na kai wurin hoto, sai wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa har batir ya yi ja.

Kaka kuwa abin dariya ya mayar da shi, ka san tsakanin jika da kaka.

"Kai abokina, wa ac ce na mutu?"

"Ba wanda ya ce, Kaka. So ake ka nuna ba ka mutu ba."

"To ka hwaɗa musu na ci tuwo jiya."

Da na ce ya cire hula ya kalli waya, sai ya shafa kumatunsa. Yana da zanen Gobirci, layi-layi daga gefen baki zuwa kunne. Ya ce da wannan zanen ya shiga Maraɗi ya fito ba wanda ya tambaye shi takarda, da shi Yarabawan da suka yi aiki tare suke tsokanarsa a bariki, yau kuma ga abin da bai kai tafin hannu ba yana son ya gane shi. Ban ba shi amsa ba, don ina kallon sandunan sabis ne.

A rana ta uku wani abokina da ke Isa ya ce mu zo shagonsa, yana da intanet mai ƙarfi. Tafiyar ba nisa. Amma a kan wannan hanyar ne, wajen Gidan Bawa, aka ƙone matafiya a cikin mota a watan Disambar 2021. Kakata ta ji maganar daga madafa, ta fito da muciya a hannu ta ce ba inda za shi. Ta ce ba za ta bari a kashe mata miji a hanyar zuwa shaida yana raye ba. Wannan jimlar na daɗe ina son in ce ni na ƙirƙiro ta, amma tata ce.

Wani mai cajin waya ne ya ba ni dabara: bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, a hau sama. Muka jingina tsani a soron zaure. Ni da ƙanena muka tallafi tsoho mai shekara tamanin da wani abu, taki ɗaya-ɗaya, kakata tana ƙasa tana salati. Muka jira haske ya isa fuska. Na ɗaga wayar, ya daina wasa, ya ƙura mata ido kamar yadda na tabbata yake ƙura wa direbobi ido a bakin iyaka. Da'irar ta juya, ta juya, sai shafin ya nuna an karɓa.

Muna saukowa muka tarar da maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta. An ɗauke mijinta a gona fiye da shekara guda kafin wannan ranar. An yi waya sau biyu ana maganar kuɗi, daga nan shiru. Ba gawa, ba labari. Ba ta shiga takaba ba, don ba wanda zai ce ya mutu. Malamai sun gaya mata hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya: ta kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Ta tambayi abin da ya hau da tsoho soro da sassafe, kakata ta yi mata bayani.

Ta ɗan tsaya da kaskon wutar a hannu, sannan ta juyo wurina ta ce, "Malam, in an sa lambar mutum, wayar tana iya faɗin ko yana raye?"

Na ce mata sai mutumin yana gabanta. Ta ce to, ta yi mana sai an jima, ta fita.