Karnukan Istanbul Masu 'Yan Kunne

Sarin kaya ne ya kai ni unguwar Laleli, kamar yadda yake kai 'yan Kantin Kwari da dama, amma abin da ya fi tsaya mini a rai a Istanbul karnuka ne da maguna. Ga karnuka ƙosassu kwance a bakin shaguna, jama'a na ratse su, ba mai neman dutse. Da yawansu da 'yar roba maƙale a kunne, shaidar cewa an kama kare, an fiɗiye shi, an yi masa allurar rigakafin hauka, an mayar da shi unguwarsu. Mage kuwa ɗan tsinin kunnenta ake gutsurewa.

Doka mai lamba 5199 ta shekarar 2004 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi wannan aiki, kuma kyauta ake yi. Sai dai doka ba ta iya kamo mage daga ƙarƙashin mota. Mutanen unguwa ne ke wannan wahala, kuma su ne suka burge ni. A unguwar Kadikoy na ga wata dattijuwa ta ɗana keji, ta zauna tana jiran wata mage mai wayo, ba gajiya ba tsaki. Ita ke ciyar da magunan layin, ta san wadda aka yi wa aiki da wadda ta rage. Mai shago ya ajiye kwanon ruwa, wani ya kafa musu ɗan akurkin katako saboda sanyi. Sun gane cewa ciyarwa kaɗai ba ta isa ba, domin mage na iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane ciki 'ya'ya huɗu ko biyar.

Birnin ya taɓa gwada ƙarfi. A 1910 hukuma ta kwashe dubban karnuka ta jibge su a tsibirin Sivriada cikin tekun Marmara, yunwa da ƙishirwa suka gama da su, kuma har yau mutanen garin na tuna abin da kunya. Shi ya sa da majalisar ƙasar ta gyara dokar a 2024, ta ce a tattara karnukan titi a killace su, dubban mutane suka fito zanga-zanga.

Mu a garinmu Gude, idan kyanwa ta haihu a rumbu, yara ake ba buhu su kai 'ya'yan bayan gari. Idan aka ce mahaukacin kare ya ciji yaro, sai a bi karnuka da sanda da guba, bayan shekara wasu sun maye gurbinsu. Alhali fiɗiya ba baƙuwarmu ba ce. Wa bai san taure ba? Malamai sun yi saɓani a kan yi wa kyanwa da kare, amma da yawa sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabba ba.

A nan gida ma ana haɗa allurar haukan kare a Vom, Jami'ar Ahmadu Bello kuma na yaye likitocin dabbobi a Zariya. Fiɗiyar mace sai likita, domin ciki ake buɗewa. Na namiji ya fi sauƙi da araha. Da ni za a tambaya, da mafarauta za a fara, tunda su ke da karnuka, kuma idan Sarkin Baka ya kawo nasa, sauran za su biyo.