Katin da Yaya ya zo da shi daga Arlit

Hutun damina ne. Ni na dawo Attantané daga lise a Tasawa, Yaya kuma ya sauko daga Arlit da ƴar jaka da tsohuwar salula. Ni ya aika in kai ta wurin mai caji, a hanya na leƙa cikin katin. Waƙar farko ta tsaida ni cak bakin gonar mutane. Jitar ta Buzaye ce, harshen Tamashek, amma an bi muryar da na'ura har tana karkarwa kamar waƙoƙin fim ɗin Kano da ƙannena ke sawa in suna daka. Gangar ma inji ke buga ta.

Sai daga baya na san Mdou Moctar ne, kundinsa na farko, Anar, wanda ya naɗa a Sakkwato a 2008. Lokacin ba a kai shi kasuwa ba. Daga salula zuwa salula ya yi ta yawo, sai a 2014 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi.

Da dare na kunna a fada, gardama ta tashi. Abokinmu Buzu ya ce an ɓata jita, samarin unguwarmu suka ce wanga kiɗi ba ya rawuwa. Ni dai ban tanka ba, don ina da abin ɓoyo: gurmi na gwangwani da na haɗa da kaina, da waƙoƙi bayan littafin lissafi. Na farkon Baba ya tattake shi, ya ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba. To ga mutum wanda shi ma gidansu ba su so, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Kuma bahago ne, kamar ni. Wallahi wannan kaɗai ya hana ni barci.

Na ji Afrique Victime na 2021, inda jita ke kururuwa, waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ta wuce minti bakwai. Turawa shi suka fi yabo. Ni har gobe Anar nake so, don da ka ji ka san aikin mai ƙaramin hali ne: ya shiga ɗakin naɗar waƙar Hausawa, abin da ya tarar ya ɗauka, bai jira izinin kowa ba.

Ana gobe Yaya zai koma, ina kwance tsakar gida ina kwafe waƙoƙin, sai na ji Baba bisa kaina.

"Kai, wa ke kuka cikin kwalba haka?"

"Wani ɗan Nijar ne, Baba."

Ya tsaya har waƙar ta ƙare. Sannan ya ce in kashe, gobe akwai maimai a gonar gabas. Gurmin na biyu yana ƙarƙashin rumbu, bai fi taku goma ba daga inda yake tsaye.